Dawo Gobe, Kashi na Tara

Daren Laraba a Unguwar Sanusi,
wuta ta zo kamar baƙuwar da ba za ta kwana ba.
Rumasa'u ta ce, "Kaka, an fara!"
Na ture faifan wake, na goge tabarau da bakin zane.

Shekara talatin da ɗaya ina dukan tafireta
a sakatariya, hawa na biyu,
ɗakin da tagarsa ke kallon mangwaro.
In wasan ofis ne, a bar ni in yi magana,
mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sun iya, wallahi sun iya.
Rajistar safe da jan layinta,
kowa ya iso ƙarfe goma
ya rubuta takwas saura minti ɗaya.
Fankar nan mai kukan tsohuwar akuya,
ban san inda suka samo ta ba,
amma na rantse ta taɓa juyawa a kaina.

Sai masinja, Ɗan'azumi.
Waya ta yi ƙara, darakta ne,
ya miƙe tsaye, ya cire hula,
ya rusuna wa wayar.
Bai ce uffan ba.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni,
don Baba Shekwolo na gani,
Allah ya kai haske inda yake kwance.

Fayil ɗin tsoho ya ɓace.
An duba sama, an duba ƙasa,
ashe shi aka tokare ƙafar tebur da shi.
Wanda ya rubuta wannan
ya taɓa bin layi da yunwa.

To amma.

Wa ya ce su zubo min dariyar gwangwani?
Kafin zance ya sauka an riga an tuntsire,
kamar mai miya da ta ɗanɗana min da bakinta.

Sakatariyarsu, Kuluwa,
leshi sabo a kowace fitowa,
ranar ashirin da bakwai ga wata!
A ashirin da bakwai mu atamfa ɗaya muke juyawa,
muna lissafin kuɗin mota zuwa Kawo.

Abin da ya tsaya min a wuya shi ne akawu.
Sun sa shi yana karya Hausa,
"na zo" a wurin "ya zo",
gwangwani kuwa sai ɓarkewa yake.
Ni da Madam Saratu Kazah muka haɗa benci,
daga Barnawa take zuwa.
Karin maganarta ta fi tawa kaifi,
shekara goma adashinmu na hannunta
kwabo bai yi ciwon kai ba.
Da tana kallo, da na sunkuyar da kai.

Ana tsaka da rigima suka yanke,
wata ta fito tana yi wa tukunya murmushi.
Da aka dawo, zancen ya huce.

Ƙarshen ne ƙarya mafi girma.
Minti ashirin da biyar,
an zaro fayil, an kaɗe ƙura,
darakta ya ji kunya, ya sa hannu,
tsoho ya karɓi haƙƙinsa, har da rawa.
Darakta ya ji kunya!
Nawa fayil ɗin shekara shida ke nan,
wataƙila yana riƙe da teburin wani,
kuma teburin bai gaji ba.

Wuta ta ɗauke kafin sunaye su gama hawa.
Cikin duhu Rumasa'u ta ce, "Ya yi kyau?"
Na ce, rabinsa madubi, rabinsa hoda.
Laraba mai zuwa ki kira ni,
saboda Ɗan'azumi kawai.
Yanzu nemo min jakar takardu,
ki tashe ni da asuba.
Sun ce in dawo gobe.