Ragar da Ba ta Shiga Ruwa

Shekara arba'in da ɗaya ina gyaran taru a gaɓar Paita,
yatsan ƙafa ya riƙe, hannu ya ƙulla,
ɓaraka ba ta taɓa kwana a gabana ba.
Sai ga ɓaraka a jikin mai gyara.

Ranar da muka ja kwalekwalen Eleuterio kan yashi
na ji wani abu ya ce ɓas ƙarƙashin cibiya.
Kullutu ne kamar ƙwan agwagwa.
In na kwanta ya koma gida,
in na yi tari ya leƙo ya gaishe ni.
Shekara uku ina ɗaure shi da tsumma,
Zoila na kallo, ba ta ce uffan ba,
sai daren da na yi amai har asuba
ta ɗauko takalmana ta ajiye a bakin ƙofa.

Asibitin Piura.
Likita Yarlequé, sa'ar autata ce,
ta ce ƙaba ce, bangon ciki ya saki,
hanji ya ga ƙofa, shi kuwa ba ya sallama.
Ta miƙo mini wani ƙyalle na nuni,
fari, shara-shara, bai fi tafin hannu ba.
Na ja shi tsaye, na ja shi kwance,
na kai masa haƙori.
Idanu ƙanana, ko kifin da aka ƙyanƙyashe jiya ba zai wuce ba.

Na ce, wa ya saƙa?
Ta ce, inji.
Na ce, to wane ƙulli za ki yi?
Ta yi dariya har tabarau ya zame.
"Ni kafawa kawai zan yi, Don Nemesio.
Namanka ne zai ƙarasa,
ya bi ta ido-ido ya shige,
har a rasa ina raga, ina kai."
Ta ƙara da abin da ban so ji ba:
wani takan yi masa ciwo, wani ƙabar kan dawo.
Na sa hannu.
Ai ko teku ba ta taɓa yi mini alkawari ba.

Na farka da ƙishi, da ɗinki mai kyau.
Na duba tazarar zaren, na ce yarinyar nan ta iya.

Yanzu mako shida ba ɗaukar abin da ya fi buta.
Ina zaune a kujerar roba, matashi a ciki saboda atishawa,
jirage na fita ba ni,
jikana Wilmer na ƙulla taruna da ƙullin ragwaye.
Ina yi masa tsawa a hankali,
don tsawa ma daga ciki take tasowa.

Duk ragar da na saƙa, don ta kamo na waje ne,
ta jiƙe, ta bushe, gishiri ya cinye ta.
Wannan ba ta san gishiri ba,
ba za a shanya ta ba, ba za a rataye ta ba,
aikinta ta hana nawa fita.

Da dare nakan ɗora yatsu a wurin, in lalubi gefenta.
Jiya na neme shi na rasa.
Na tashi Zoila in gaya mata,
ta ce, kwanta malam, kifi na barci.