Jikka Biyu Kuɗin Jagora

Da asuba muka bar Tawa a bayan mota,
mu bakwai, da gorunan ruwa da takalman roba.
Inda kwalta ta ƙare Arzika ya diro,
ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce:
"Daga nan ƙafa ce mota.
Mai ciwon gwiwa ya faɗa tun yanzu,
dutse ba ya jin magiya."

Jikka biyu na biya don a nuna mini hanya.
Ban gaya masa ba
kakata Tasalla ta bi ta da tulu a ka
shekara talatin, safe da marece,
ba wanda ya ba ta ko dala.

Muka hau. Jar tsakuwa na zamewa ƙarƙashin sawu.
Wata malamar lakwal daga Yamai na haki,
ɗanta na ɗaukar hoton akuya
da ta miƙe tsaye tana tsinkar ganyen aduwa.
Arzika ya nuna jeren duwatsu a gangare:
"Mata suka jera su, don ruwa ya bar gudu da ƙasa.
Koren can cikin kwari albasa ce,
ita ke yi wa samarin nan aure."

Sai ga garin, kamar dutsen ne ya haife shi.
Rumbuna sun yi ciki kamar na wata tara,
kowanne da hular shuci a karkace.
Katanga dutse bisa dutse, ba siminti.
Ƙofa gajera, sai ka sunkuya.
"Ginin nan shi ke koya wa baƙo ladabi,"
in ji Arzika. Aka yi dariya.
Na san ya faɗe ta sau ɗari, amma ni ma na dara.

Rabin ƙofofin an toshe da ƙaya.
Masu su na Abijan, na wajen haƙar zinariya,
suna aiko kuɗi da muryarsu cikin waya.
Zabi ke gadin tsakar gida.

A gindin gawo wata tsohuwa ta miƙo mana ƙwaryar hura.
Ludayi ya zagayo, ya zo kaina,
sai ta ƙi sakin ƙwaryar.
Ta dube ni, ta sake duba:
"Wannan goshi ba na kasuwa ba ne.
Na gidan Nomau ne. Kai, jinin Tasalla ne?"

Hura ta tsaya mini a maƙogwaro.

"To madalla," ta ce. "Sai da ɗan jagora
za ka zo gidanku?"

Ta ja ni ta wani lungu da ba ya cikin yawon.
Arzika ya biyo mu, bakinsa ya mutu.
Ba rufi, ba ƙyaure, tumfafiya ta fito a ɗaka.
Amma dutsen niƙa na nan inda aka bar shi,
cikinsa ya lotsa kamar akushi.
"Hannunta ya ci shi haka," in ji tsohuwa.
"Tana niƙa tana faɗa da kaji."

Na durƙusa, na sa tafina cikin lotsawar.
Da ɗumi. Na san rana ce ta gasa shi,
na sani sarai.
Duk da haka ban ɗauke hannu ba
sai da aka kira mu, wai mota ba ta jira.

Wajen sauka Arzika ya matso,
ya cusa mini jikka biyu a aljihu.
Na mayar masa. Ya sake. Na mayar.
"Riƙe," na ce. "Ni suna kawai na gada,
kai ka san inda ake taka ƙafa."

Ya yi shiru har gindin dutse,
sannan ya ce: "Yaya ma sunanta?
Gobe ina da wasu baƙi."