Taro Ranar Asabar

Mu goma sha bakwai ne a ƙungiyar,
'yan tukunya ɗaya, a bayan Kongola, nan Marwa.
Da aka ce a yi mana shafi a intanet
duk ido ya juyo kaina,
don ni ne mai kwamfutar da batirinta ya mutu tun a Garwa,
sai an jona ta da bango take numfashi.

Hamajoda ya ce sunansa ne farko, ai shi ne shugaba.
Tanimu ya ce a bi haruffa.
Aka yi ta ja har shayi ya huce.
Ni dai na buɗe farin fili ina jera layi,
duk ƙofar da na buɗe a sama sai na rufe ta a ƙasa.
Guda ɗaya da na manta
ta haɗiye hotunan mutum shida.

Shafi huɗu kacal.
Ba ya tambaya, ba ya amsawa,
abin da ka zuba shi za ka tarar,
kamar tulu a lungun ɗaki.

Sau uku wuta ta ɗauke a daren.
A na huɗu na saɓa kwamfuta a hammata,
na ratsa yashin Mayo Kaliyaw
zuwa shagon Bappa Sali a Domayo, mai janareto.
Ya ce sefa ɗari biyar, kuma in duba masa wayarsa.

Ƙarfe uku da kwata na tura.
Shuɗin layin nan ya yi tafiyar hawainiya,
ya tsaya, ya yi tunani, ya ƙarasa.
Na buɗe a waya, sai ga mu!
Amma Ɗantala ya fara da akwati,
ƙugiyar sunansa ta maƙale a hanya,
ƙungiya kanta ta koma alamar tambaya.
Layi guda ne na tsallake can sama.
Na saka shi, ƙugiyoyi suka dawo gida
kafin ladan ya gyara murya.

Yau shekara biyar.
Hamajoda na koyarwa a Yagwa,
Tanimu na awon auduga.
Ɗantala kuwa, Logon ya kife da kwalekwalensu
a damunar bara waccan.
A shafin yana nan, na uku daga hagu,
cikin kwat ɗin da ya ara a wurina, hannun ya yi masa gajere,
yana dariyar wata magana
da yanzu babu mai tuna ta.

Duk watan Maris saƙo kan zo, a biya kuɗin suna.
Ni nake biya, ban gaya wa kowa ba.
Na san fayil ɗin, na san layin, na arba'in da biyu,
minti biyu sun isa in rubuta marigayi.
Nakan buɗe, in duba, in rufe.

Can ƙasa har gobe yana cewa:
taro ranar Asabar bayan la'asar, gindin darbejiya.
Kowa ya zo da kofinsa.