Hannun da Ban Janye Ba

Ranar da muka kai ki coci, Tiurlan,
tururin safiya bai gama tashi daga Tafkin Toba ba.
Kwananki arba'in da uku a duniya.
Babanki Parulian yana tuƙa kwalekwale,
ni ina rungume da ke cikin mayafin ulos
da na saƙa wata biyar, ƙafafuna a kumbure,
ja da baƙi, da farin zare guda a gefe.

Faston tsoho ne, hannuwansa na rawa.
Da ya karɓe ki, sai na zura nawa a ƙarƙashi
don kada ki suɓuce.
Ya ce, "Kun ba Ubangiji wannan yarinya?"
Na ce, "Mun bayar."
Da sauri na faɗa, kamar mai sallama kifi da yamma.
Kika yi atishawa, ikilisiya ta yi dariya,
muka koma gida muka ci shinkafa.

Na koya miki addu'a tun ba ki iya tsefe kai ba,
kina rafka "Amin" ban kai rabi ba,
idonki na kan tukunya.
Ranar da kika tsinko mangwaron tsohuwa Sondang
na ja ki har ƙofarta.
Kika mayar da uku, na huɗun yana cikinki,
kika faɗi gaskiya da majina da hawaye,
ni kuwa na kau da kai, ina danne dariya.

Shekarar da tafki ya ci babanki,
aka jawo kwalekwale babu mai shi,
kika ce, "Inna, ina Yesu yake a daren jiya?"
Ban da amsa.
Na kunna fitila, na buɗe Littafi,
haruffa suna iyo, ko layi ban karanta ba.
Ke kika ja waƙar yabo
da 'yar muryarki ta shekara tara,
na biyo ki a baya, ina tuntuɓe.

Yau ga ki da takarda a hannu.
Kin zama ungozoma, kin ce an kira ki
can cikin duwatsun Papua,
inda mata ke naƙuda babu mai riƙe su.
Na ce, "Wa ya kira ki?"
Kika dube ni kawai.

Daren nan na yi rigima da Allah a gaban masaƙa.
Na ce, "Na ba Ka, ban musa ba,
amma na zaci za Ka bar mini ajiyar
har ranar da za a rufe ni.
Miji Ka ɗauka ban ce uffan ba.
Ita kaɗai ce, ai Ka iya ƙirga."
Bai tanka ba.
Zare ya tsinke, na ƙulla,
ya sake tsinkewa.
Wajen carar zakara na tuna tsohon fasto,
na tuna hannuna a ƙarƙashin nasa.
Shekara ashirin da huɗu ke nan,
ashe ban taɓa janye shi ba.

Kyautar da aka riƙe wa wutsiya,
me sunanta?

Ga ulos ɗinki, na ciro daga akwati.
Asu ya taɓa gefe ɗaya, na yi masa ƙari,
zaren bai zo daidai ba, kada ki damu.
An ce akwai sanyi a can.
Ki ci abinci kafin ki fita aiki,
ki bar "Amin" sai an kai ƙarshe.
Jaririn farko da ya faɗo hannunki,
ki riƙe shi da kyau,
sa'an nan ki miƙa wa uwarsa.

Jirgin ruwa ya yi ƙaho sau biyu.
Je ki, Tiurlan.
Dubi hannuwana, ga su a buɗe.
Rawar da suke yi
tsufa ne kawai.