Dubu da Ɗari Biyar

A Suwame, bayan layin masu walda,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi,
muka kwantar da janareta a kan tayoyi biyu.
Na Mame Akosuwa ne, mai ɗakin sanyin kifi a Asafo.
Ta ce, "Tun jiya yake min waƙa,
ya ɗaga murya, ya sauke, ya ɗaga.
Kwan fitila na lumshe ido yana buɗewa.
Kifina ya fara zufa."

Muka tayar da shi.
Allura ta wuce hamsin, ta faɗo arba'in da bakwai,
ta sake wucewa,
kamar baƙon da ya ɓatar da ƙofar masauki
yana kai-komo a lungu ɗaya.

Ni da watana bakwai da kama sifana,
na ce gwamna ne, a ɗaure shi tam.
Maigida Ɗantani bai ce uffan ba. Na ɗaure.
Abu ya ƙara dagulewa:
gudu ya ragu kaɗan, gwamna ya ɗura mai fiye da kima,
ya zarce, ya janye gaba ɗaya.
"Ka gani? Mai gaggawar gyara kuskure
shi ke haifo na gaba.
Duba ɗan kofin mansa." Ya bushe ƙayau.

Da la'asar muka zaro rota.
A fuskarta sandunan jan ƙarfe ne,
kaurin yatsa, zobe ya haɗe bakinsu,
zoben ya tsage wuri biyu.

"In juyi ya tsaya dubu da ɗari biyar cif,
waɗannan barci suke, ko ɗigon wuta babu a jikinsu.
Sai ta yi gaba ko ta ja baya
sannan su farka, su riƙe mata gefen riga,
su shanye tangaɗin, su mai da shi zafi.
Ba su taɓa hana ta tafiya ba."

Ya liƙe zoben, na cika kofin, na sassauta abin da na ɗaure.
Aka jona injin niƙa don gwaji.
Allura ta rusuna, ta ɗan wuce,
ta dawo rabin haka,
sai ta tsaya.

A motar Aboabo na tuna Goggo Sahadatu.
Shekara ashirin tana tsinke ganyen rama a bakin ƙofa,
mun ɗauka ba ta komai a gidan.
In murya ta tashi tsakanina da Yaya Gambo
sai ta ce, "Miƙo min wancan ƙwaryar."
Shi ke nan.
Hawan jini ya ɗauke ta bara.
Tun sannan in na faɗa masa ɗaya ya rama biyu,
in mayar da huɗu.

Yaron mota ya ce kuɗi.
Na miƙa masa sidi biyar, hannuna na warin jan ƙarfe.