Asabar a Gindin Bedi

Shekara ashirin da shida ina shaƙar alli,
ya shiga huhu, ya hau gemu,
har na ɗauka ba sauran mai gaya mini komai
a kan yaro da tablo.
Da direkta ya ce, Asabar akwai zama a lakwal ta Garin Malam,
na ce a raina, an kashe mini safiya.

Na je ne don kar a rubuta ban je ba.
Benci huɗu a gindin bedi,
butar shayi, akuyar mai gadi tana cin kwali,
can nesa duwatsun Birni sun yi zugum
kamar sufetocin da ba a ba kujera ba.

Mushe Kiyari ya fara zazzage buhu:
marafan kwalba, ƙwallon dabino, karan dawa.
Ya ce, marfi goma kara ɗaya,
yaron da ya riƙe goma a tafinsa
ba ya mantuwa da ita a takarda.
Muka yi dariya. Ni na fi kowa.

Ma'azu ya miƙe, shi faɗuwarsa ya kawo.
Ya zaunar da yara shida-shida su koya wa juna,
kafin tashi an fasa baki biyu,
an yaga kaye, wata uwa ta zo da taɓarya.
Ya ce, ku gaya mini inda na kuskure.
Ban taɓa jin malami ya tuɓe hula haka
a gaban 'yan'uwansa ba.
Aka ce, ka ba kowa aiki a cikin shidan,
mai karatu, mai rubutu, mai tsaron lokaci,
hannun da ke riƙe da abu ba ya naushi.

Sai Madam Fassuma, shekararta biyu kacal,
da goyo, da murya kamar ba ta so.
Ta ce, yaranmu sun iya sau biyar tun a gida.
Wa ya taɓa cutar ɗan Damagaram a Kasuwar Dole?
Ka ce dala ashirin, ya san ɗari ce.
Mu ne muke rufe ƙofa, mu bar kasuwa a waje,
sa'an nan mu ce kansa babu kome.

Shayin ya huce a hannuna.
Na tuna Lawali, bencin ƙarshe, cikin tasa'in da huɗu,
wanda nake kira Dutse tun farkon shekara.

Litinin ban taɓa alli ba.
Na ce, Lawali, kai da ke tura kurar ruwa da babanka,
jarka bakwai, kowace dala biyar?
Bai ko ɗaga kai ba: talatin da biyar.
A faran fa?
Ɗari da saba'in da biyar, Mushe,
in ba Hajiyar kwana ba ce, ita sai an rage mata.
Aji ya fashe. Ni na juya ga tablo
ina goge abin da ba a rubuta ba,
don kar su ga idona.

Ashe rijiya na zauna a kai
ina kukan ƙishirwa da guga a hannu.

Ba zan ce komai ya gyaru ba.
Habsu har yau ba ta raba ba da da,
na gwada marfi, na gwada kara, na gwada zane a ƙasa,
tana kallona kamar mai kallon ruwan sama a garin wasu.
Na rubuta sunanta a bayan kayena.

Asabar mai zuwa ni zan riga mai gadi.
Zan kai sukari da ganyen shayi,
da wata 'yar dabara ta dikte
da na ɓoye shekara goma kamar kuɗin adashi.
Zan ajiye ta a benci, kowa ya ɗiba,
sa'an nan in cire hula, in ce:
ga Habsu, jama'a. Wa ke da mabuɗi?