Ƙofata na jiran gajimare

Habsatu ta aiko daga Liyon
da kwali uku a jakar ɗan Kiyari:
makullin ƙofa marar mabuɗi,
ƙwan fitila mai jin magana,
da wani ido da aka kafa a saman zaure
don ta riƙa ganina in zan tafi masallaci.

Shekara talatin na yi a gidan waya.
In wasiƙa ta ɓata
na san wanda zan riƙe wa riga.

Ranar Alhamis na dawo daga kasuwar Dole,
nama a leda, ƙanƙarar dala ashirin na zuba a ƙafata.
Na danna portabul. Ƙofa ta yi gum.
Kuran akwai, ina jin firiji na gurnani daga ciki.
Rezo akwai, sanda huɗu cif.
Wata ƴar da'ira ce kawai ke ta juyawa
kamar akuya a turke.

Ɗan Kiyari ya karɓa ya duba,
ya ce, Baba, gajimare ne ya faɗi.
Na ɗaga kai.
Watan Afrilu, sama fes kamar wankakkiyar tasa.
Ya ce wani ɗaki ne cike da injuna a ƙetaren teku,
can ƙofarka ke neman izini.

Izini!
Ni da na sayi filin nan yana dutse da kunama,
na kwaɓa laka da ruwan saye, garwa garwa.

Mu a Damagaram mun san gajimaren ƙarya.
Ya taso ta wajen Mirya, ya yi baƙi ƙirin,
mata su jera bokiti, ya watse.
Amma bai taɓa shanya dattijo a bakin ƙofarsa ba,
bai taɓa aiko saƙo da Turanci
wai a biya kuɗin wata ba.

Da la'asar Tanimun mai walda ya zo,
ya yanka, ya liƙa sakata,
na rataya kwaɗon jaka ɗaya da rabi.
Mabuɗin na wuyana, da zaren buhu.

Fitilar kuwa kwana uku tana ci.
Na ce mutu da Hausa, na ce da Faransanci,
sai da na taka turmi na murɗe mata wuya.

Idon ne na bari.
An ce ya makance.
Duk asuba nakan tsaya a ƙarƙashinsa
in gyara hula,
in ɗaga hannu.